Kafin a zuba kifi a sabon tankin killacewa

Mai kiwon tarwada a tsakar gida a Birnin Zariya yana bukatar ƙaramin tanki daban, inda zai killace sababbin 'ya'yan kifi kafin ya haɗa su da tsofaffi. Sai dai sabon tanki ma yana kashe kifi.

Kashin kifi na fitar da gubar amoniya. Wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zama cikin matatar ruwa ne ke karya ta, kuma sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita, da hunturu ma fiye. Don haka a cika tanki, a kunna matata, a riƙa jefa ɗan abincin kifi yana ruɓewa, a jira. Ruwan famfo mai kulorin yana kashe ƙwayoyin. A bari ya kwana a buɗe tukuna.