'Yan Matanmu da Wasannin Motsa Jiki: Ina Gizo Ke Saƙa?

Duk wanda ya taɓa halartar gasar wasanni ta makarantar firamare ya ga yadda yara mata ke sheƙa gudu ba ji ba gani. Amma da zarar yarinya ta kai shekara 13 ko 14, sai a neme ta a fili a rasa. Wannan al'amari ba a ƙasarmu kaɗai yake ba. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana sakamakon binciken da ta yi a ƙasashe 146, inda ta gano cewa kashi 85 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 11 zuwa 17 ba sa samun motsa jiki na sa'a guda a rana, watau gwargwadon da jikinsu ke bukata.

Wasu daga cikinmu kan ɗora laifin a kan addini, alhali kuwa Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha har sau biyu, ta tsere masa a karo na farko, shi kuma ya tsere mata a na biyu. Abin da malamai ke shardantawa shi ne suturce jiki, da kauce wa cuɗanya da maza, da kiyaye lokacin salla.

To, matsala ta farko ita ce sutura. Shekara da shekaru dokokin wasanni sun tilasta wa Musulma ta zaɓi ɗaya, ko lulluɓinta ko wasanta. A 2011 an hana ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta matan Iran karawa da Jodan saboda lulluɓi. Sai a 2014 masu tsara dokokin ƙwallon ƙafa suka halatta rufe kai, hukumar ƙwallon kwando ta duniya ta bi sahu a 2017. A 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta zama mace ta farko da ta buga gasar cin kofin duniya ta manyan mata sanye da hijabi. Duk da haka, Faransa ta hana 'yan wasanta sa hijabi a gasar Olamfik ta 2024.

Ta biyu ita ce wuri. Filin unguwa samari sun mamaye shi tun daga la'asar har almuru. Makarantu da dama ba su da katanga, ba ɗakin sauya tufafi, ba malama mace mai koyar da wasa. Yarinyar da ta fara al'ada, ba ta kuwa da makewayi mai tsabta a kusa, ko shakka babu za ta gwammace ta zauna a aji.

Ta uku kuwa tana cikin gidajenmu. Yaro ya dawo makaranta ya ɗauki ƙwallo, 'yar'uwarsa kuma ta ɗauki tsintsiya ko farantin talla. Ga kuma tsoron bakin mutane, kada a ce ɗiyar wane ta zama namiji. Mun manta iyayenmu mata da gaɗa da carafke suka tashi, ga daka, ga ɗaukar ruwa, abubuwan da injin niƙa da wayar hannu suka raba 'ya'yanmu da su.

Bisa ga haka muna kira ga ma'aikatan ilmi da su amince da dogon wando da riga mai yalwa da ɗan hijabi a matsayin kayan wasa, su kuma horar da malamai mata. 'Yan kasuwa masu neman sadaka mai gudana, ga katangar filin makarantar 'yan mata tana jiranku. Mu kuma iyaye mu raba aikin gida tsakanin 'ya'yanmu bisa adalci. Lafiya uwar jiki, kuma amana ce da za a tambaye mu a kanta. Allah Ya sa mu dace, amin.