Hutu A Jirgin Ruwa: Yadda Araha Ta Koma Tsada

A watan Agustan 2019 na fara taka jirgin ruwan shaƙatawa, kuma har yau ban sake ba. Ƙanena da ke aikin jinya a jihar Fulorida ta Amurka ne ya gayyace ni, muka tashi daga tashar Miyami muka yi kwana bakwai muna zaga tsibiran Karibiyan. Ga mai karatun da bai san irin wannan tafiya ba, jirgin tamkar otal ne mai yawo a bisa teku. A ciki kake kwana, a ciki kake ci, gari na wayewa ka ga an tsaya a wani tsibiri, ka sauka ka sha iska, kafin magariba ka dawo a ci gaba da tafiya. Bayan mako guda a sauke ka a inda aka ɗauke ka.

Girman jirgin ya ba ni mamaki, amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne irin mutanen da na tarar a ciki. Na zaci zan iske attajirai, sai na iske direbobin manyan motoci da malaman firamare da ma'aikatan jinya da tsofaffi 'yan fansho. Wata dattijuwa da muke haɗuwa da ita wajen karin kumallo ta ce mini ta lissafa, mako guda a jirgin ya fi mata sauƙi a kan mako guda a otal na bakin teku, domin ɗaki da abinci da wasannin dare duk suna cikin kuɗi ɗaya. A kan wannan lissafi aka gina sana'ar tun asali. Lokacin da Ted Arison ya kafa kamfanin Carnival a 1972, da tsohon jirgi guda ya fara, mai suna Mardi Gras, wanda a fitarsa ta farko ma ya kafe a yashi kusa da Miyami. Hikimar ita ce a sayar wa mai matsakaicin ƙarfi abin da a da sai mai hannu da shuni ke samu.

Da na dawo gida na cika uwargida da labari, har na yi mata alkawarin ranar da ta ajiye aikin koyarwa zan kai ta ta gani da idonta. Ranar ta zo. Kwanakin baya na kira ƙanena ta bidiyo, ya buɗe shafin wani kamfani a kwamfuta, muka shiga lissafin mutum huɗu: ni da ita, shi da matarsa. Farashin da ya fara bayyana ya ɗara na 2019 ƙwarai, amma na daure. Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. Aka ɗora tukwicin ma'aikata na kowace rana. Aka nuna mana kuɗin intanet, na kowace waya daban. Lemon kwalba da ruwan gora da kofi mai kyau duk da nasu farashi. Gidajen abincin da aka fi yabawa a jirgin sai an biya ƙari kafin a zauna. Motar da za ta zaga da kai a tsibirin da aka tsaya ita ma da kuɗinta. Kafin mu kai ƙarshen shafin, adadin ya yi nisa da wanda ya ja hankalinmu da farko, kuma ba mu sa tikitin jirgin sama da kuɗin biza ba.

Zan ajiye batun naira a gefe. A 2019 ana sayen dala a kan naira 360 ko kusa da haka, bayan sakin darajar naira a Yunin 2023 kuwa har ta haura 1,500. Wannan ciwon namu ne, kowa ya san shi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ƙanena, wanda da dala ake biyan sa, shi ma ya yi shiru ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Yaya, wannan fa ba tafiyar da muka sani ba ce."

Tushen maganar yana cikin shekarar 2020. A watan Fabrairu aka killace jirgin Diamond Princess a tashar Yokohama ta Japan, mutum fiye da 700 suka kamu da korona a cikinsa. A tsakiyar Maris hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta hana jiragen shaƙatawa tashi, kuma babban jirgi bai sake fita da fasinja daga tashar Amurka ba sai a Yunin 2021. Jirgin ruwa ko yana tsaye yana cin kuɗi, domin dole inji ya yi aiki, dole a bar wasu ma'aikata a ciki. Carnival kaɗai ya yi asarar fiye da dala biliyan 10 a 2020. Tallafin da gwamnatin Amurka ta raba wa kamfanoni a lokacin bai iso ga manyan kamfanonin jiragen ba, saboda ba a Amurka aka yi musu rajista ba, duk da cewa a Miyami manyan ofisoshinsu suke: Carnival a Panama, Royal Caribbean a Laberiya, Norwegian a Bamuda. Sai suka shiga cin bashi ido rufe. A Afrilun 2020 Carnival ya karɓi rancen dala biliyan 4 a kan kuɗin ruwa kashi 11.5 cikin ɗari, kuma zuwa farkon 2023 bashin da ke kansa ya kai kimanin dala biliyan 35. Tsofaffin jirage, waɗanda su ne masu arahar tikiti, da yawansu an kai su Aliaga a Turkiyya an yanka an sayar da ƙarfen.

Wannan bashi dole wani ya biya shi, kuma kamfanonin sun dace, domin da aka buɗe teku mutane sun yi tururuwa. Ƙungiyar kamfanonin jiragen shaƙatawa ta duniya ta ce fasinja miliyan 29.7 ne suka yi irin wannan tafiya a 2019, a 2023 suka kai miliyan 31.7, a 2024 kuma miliyan 34.6. Manyan kamfanonin kan ba da rahoton cikar jirage fiye da kashi 100 cikin ɗari, abin da zai ba mutum dariya sai ya gane cewa mutum biyu ake lissafawa a kowane ɗaki, yara da ke kwana a gadon sama ƙari ne. Ɗan kasuwar da layi ya cika ƙofar shagonsa ba ya rage farashi. Tsohuwar dabarar jira har saura mako biyu a tashi don a tsinci ɗaki da araha ta fara zama tarihi, domin ɗakunan kan ƙare tun da watanni.

Akwai kuma dalilan da ba na kamfanonin ba ne, kuma adalci ne a faɗe su. Daga 1 ga Janairun 2020 dokar hukumar sufurin teku ta duniya ta rage yawan sinadarin farar wuta da aka yarda da shi a man jirage daga kashi 3.5 zuwa kashi 0.5, wato ko a sayi mai mai tsada ko a girka na'urar tace hayaƙi. Daga 2024 Tarayyar Turai ta fara cajin jirage kuɗin hayaƙin da suke fitarwa. Hare-haren 'yan Huthi a Bahar Maliya tun ƙarshen 2023 sun sa an soke tafiye-tafiye, wasu jiragen suka zagaye nahiyar Afirka. Garuruwan da ake ziyarta su ma sun gaji da dubban baƙin da ke sauka da hantsi su bar gari da la'asar ba tare da sun kwana a otal ko guda ba. Italiya ta hana manyan jirage shiga tsakiyar birnin Benis tun Agustan 2021. Girka ta sa harajin yuro 20 a kan kowane fasinja da ya sauka a tsibiran Santorini da Mikonos a lokacin cunkoso. Meziko ta yi niyyar karɓar dala 42, kamfanoni suka yi ca, aka sasanta a kan dala 5 daga Yulin 2025, da sharaɗin zai riƙa ƙaruwa. Ban ga laifin waɗannan ƙasashe ba. Wanda aka cika wa gida da baƙi yana da haƙƙin ya nemi kuɗin shara.

Inda nake da ja shi ne yadda aka mayar da cikin jirgin kasuwa. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigar Carnival daga abin da fasinja ke kashewa bayan tikiti yake fitowa: abin sha da caca da intanet da hotuna da shaguna da yawon tsibiri. Tikitin ya zama kamar kuɗin shiga kasuwar da ƙofarta ke rufe har kwana bakwai, babu wani mai shago sai mai jirgi. Ba a riƙe kuɗi a hannu a ciki, katin buɗe ɗakinka shi ne aljihunka, kana miƙawa ana rubutawa, sai daren ƙarshe a nuna maka jimla. Wanda ya taɓa cin bashin mai shagon unguwa a littafi ya san yadda ƙananan abubuwa ke taruwa.

Sababbin jiragen ma da wannan manufa ake ƙera su. Icon of the Seas, wanda aka gina a Turku ta ƙasar Finlan ya fara aiki daga Miyami a Janairun 2024, tsawonsa kimanin mita 365 ne, hawa 20, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 da ma'aikata 2,350, an kuma kashe kusan dala biliyan 2 wajen gina shi. Sai kuma tsibiran da kamfanoni suka mayar nasu. Royal Caribbean ya zuba dala miliyan 250 wajen gyara CocoCay a ƙasar Bahamas ya buɗe shi a 2019, Carnival ya buɗe nasa wurin, Celebration Key, a Yulin 2025. A da idan jirgi ya tsaya, mai tasi da mai sayar da hula da mai soya kifi na garin su ke samun ciniki. A irin waɗannan wurare kuwa, rumfar da za ka fake da kwale-kwalen da za ka hau duk kuɗinsu wuri guda suke komawa.

Hukuma ta ɗan taɓuka. Daga 1 ga Yulin 2024 wata dokar jihar Kalifoniya ta wajabta a nuna cikakken farashin da ba makawa sai an biya tun a talla, manyan kamfanonin suka fara haɗa haraji da kuɗin tasha a adadin farko. Sai dai dokar ba ta kama tukwici ba, saboda a rubuce na ganin dama ne, ko da yake kai tsaye ake ɗora shi a asusunka kowace rana sai in ka je ka ce a cire.

Wannan tukwici shi ne ya fi tsaya mini a wuya. Yawancin manyan kamfanoni na karɓar tsakanin dala 16 zuwa 20 a kan kowane mutum a rana. A kan dala 18, mu huɗu a kwana bakwai dala 504 ke nan. Ƙanena ya ce mini abokan aikinsa da dama yanzu abin da suke yi shi ne su je teburin karɓar baƙi su sa a soke shi, domin shi kaɗai ne kuɗin da fasinja ke da ikon ragewa. Harajin Girka ba ya ciruwa, kuɗin mai ba ya ciruwa, bashin 2020 ba ya ciruwa. Abin da ke ciruwa shi ne rabon mai gyaran gado da mai wanke kwanuka.

Na tuna wanda ya riƙa gyara mana ɗaki a 2019, wani magidanci ɗan ƙasar Filifin. Sau biyu yake shigowa a rana, kuma tun kwana na biyu ya lura ina shimfiɗa tawul a ƙasa in yi salla, sai ya riƙa ajiye mini wani sabo a ninke a gefe ba tare da na roƙa ba. Ya ce mini wata na shida ke nan rabonsa da gida, kuma tun da ya hau jirgin bai yi hutun yini guda cur ba. 'Ya'yansa biyu suna makaranta da abin da yake aikawa. Irinsa ne suka cika ƙananan benayen jiragen nan, daga Filifin da Indonesiya da Indiya, suna aiki a ƙarƙashin tutar Bahamas ko Panama, inda dokar mafi ƙarancin albashi ta Amurka ba ta kai gare su. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A ganina, da kamfanoni sun sa haƙƙin waɗannan mutane a cikin tikiti tun farko, da farashin talla ya tashi, amma da ba a bar abincin ma'aikaci a hannun fasinjan da aljihunsa ya riga ya huje ba. Wasu kamfanoni, musamman masu tashi daga Ingila da Ostireliya, haka suke yi, kuma jiragensu ba su daina cika ba.

A daren muka gwada duk wata dabara. Muka sauya ɗaki mai baranda da na ciki wanda ba shi da taga. Muka bar sabon jirgi muka nemi wanda ya kwana biyu. Muka matsa daga lokacin hutun makarantu zuwa Satumba, watan guguwar teku, lokacin da farashi kan sauka. Muka yarda waya ɗaya ta ishe mu intanet. Duk da haka akwai saura. Ƙanena ya kai alamar kwamfuta kan layin tukwici ya tsaya.

"Yaya, in muka cire wannan, lissafi ya kusa fita."

Uwargida, wadda tun da aka fara tana gefe tana saurare ba ta ce uffan ba, ta matso kusa da wayar. Ta tambaye shi ko kuɗin na masu irin aikin mutumin nan ne mai tawul, wanda na sha ba ta labarinsa. Ya ce nasu ne. Ta ce to a bar shi inda yake, a rage kwanakin. Yanzu muna duba tafiyar kwana huɗu zuwa Bahamas, kuma har yau ba mu biya kuɗin kama ɗaki ba.