Maganin Gafiya da Ɓera Ba Tare da Cutar da Kyanwa Ba

Masu rumbuna da barga a Maiduguri sun san ɓarnar gafiya da ɓera, domin bayan haƙa ramuka da cin hatsi, wani jinsin ɓeran yakan yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969. Sai dai zuba guba ba hikima ba ce, domin kyanwar da ta ci mushen ɓera ita ma takan halaka, alhali shari'a ta haramta zaluntarta. Abin da ya dace shi ne a toshe ramuka da tsakuwa da siminti, a ɗora buhuna bisa katako, a share dusar da ta zube, sa'an nan a ɗana tarko cikin akwati mai ƙaramar kafa wadda kyanwa ba ta iya shiga.