Kanun Wasiƙa: Ƙofar Da Manoman Rake Da Tumatir Za Su Bi Zuwa Ga Mai Saye

Duk wanda ya ratsa ƙasar Makarfi da Kudan da Ikara a lokacin hunturu ba zai rasa ganin damman rake jibge a bakin hanya ba, ga hayaƙi yana tashi daga wuraren dafa mazarƙwaila, ga kuma kwandunan tumatir a jere suna jiran mota. Gazara, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Makarfi, tana daga cikin garuruwan da wannan albarka ta wadata. Abin da ya daɗe yana ci wa manoman yankin tuwo a ƙwarya shi ne samun mai saye a kan kari, kafin tumatir ya ruɓe, kafin kuma bashin taki ya tilasta wa mutum ya sayar da wahalarsa a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Masana'antar sarrafa tumatir da gwamnatin jihar ta kafa a Ikara cikin 1981 ta shafe shekaru masu yawa a rufe, saboda haka ido ya koma kan kasuwannin nesa, irin su Dawanau a Kano domin hatsi, da Mile 12 a Legas domin kayan gwari. A yau kuwa akwai wata hanya ta daban. Kamfanonin da ke sarrafa abinci, da masu haɗa abincin kaji, da masu fitar da amfanin gona zuwa ƙasashen waje, galibinsu suna da jami'in saye wanda ake iya aika wa wasiƙa ta intanet, watau imel. Magatakardan ƙungiyar manoma a Gazara yana iya rubuta masa kai tsaye daga wayar hannu. Wahalar ita ce jami'in bai san shi ba, bai kuma nemi a rubuto masa ba. Abu biyu zai fara gani kafin ya yanke shawarar buɗewa ko sharewa: sunan wanda ya aiko, da layi ɗaya tak na kanun wasiƙar.

Aikin da dillali yake yi

A cinikin Hausawa na gargajiya baƙo ba ya faɗa wa mai saye haka kawai. Yakan sauka a hannun fatoma ko dillali, wanda zai gabatar da shi, ya faɗi irin kayansa da yawansu, ya kuma tsaya masa. Masanin nan Abner Cohen, a littafinsa na 1969 game da Hausawan Sabo a Ibadan, ya nuna yadda fataucin shanu da goro ya dogara kacokan a kan irin wannan amana ta masu masauki da dillalai. Wasiƙar imel ba ta da mai tsaya mata. Aikin gabatarwar duka ya faɗo a kan kanunta, kuma Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska.

Ko 'yar talla ta san wannan. Idan ta shiga layi, sunan abin da ke kanta take kira, domin mai bukata ya ji daga cikin gida ya leƙo. Gaisuwa sai an tsayar da ita tukuna.

Abubuwa huɗu

Kanun da zai yi aiki yana bukatar ya amsa tambayoyin da ke zuciyar mai saye, su ne: mene ne kayan, nawa ne, a ina suke, yaushe kuma za a same su. Alal misali, maimakon a rubuta “Gaisuwa da neman haɗin gwiwa”, sai a rubuta “Masara buhu 300, Gazara, a shirye yanzu”. Maimakon “Takardar gabatar da ƙungiyarmu”, sai a ce “Busasshen tumatir buhu 80 daga Ikara, watan Maris”. Wanda aikinsa sayen masara ne, da ganin layin farko ya san maganar tasa ce. Wanda ba ya bukata kuwa ya wuce ba tare da an ɓata masa lokaci ba, kuma ba zai riƙe mai wasiƙar a zuci ba.

Gajarta wajibi ce, domin yawancin jami'ai a waya suke fara duba saƙonni, ita kuwa waya abin da take nunawa na kanun bai cika wuce haruffa 30 zuwa 40 ba, sauran sai ya yanke. Saboda haka sunan kayan shi ya kamata ya zo a farko, sunan ƙungiya da muƙamin mai rubutu su jira a cikin wasiƙar. Idan akwai wanda ya haɗa su da gaske, kamar wani malamin gona ko abokin ciniki da jami'in ya sani, ambatonsa a kanun yana da amfani ƙwarai, amma fa da izininsa.

Har wa yau, kanun ya kamata ya dubi bukatar wanda aka rubuta wa. Mai haɗa abincin kaji abin da ya dame shi shi ne bushewar masara da tsabtarta. Mai yin kayan zaƙi yana son ya san ko mazarƙwailar za ta riƙa zuwa a kai a kai. Kalma ɗaya da ta taɓa wannan bukata ta fi jimla guda ta yabon kai. Wannan ƙa'ida ba ta canzawa ko da Hausa aka rubuta wa ɗan kasuwar Kano, ko da Turanci aka rubuta wa kamfani a Legas.

A nan ne ma'aikatan gwamnati da ɗalibai, waɗanda su ne akan roƙa su rubuta wa 'yan uwansu na ƙauye irin waɗannan wasiƙu, ya kamata su yi hattara da sabon ofis. A takardar ofis an saba rubuta kanu da manyan baƙaƙe, a ja masa layi, sau da yawa kuma a fara shi da “RE:”. A imel manyan baƙaƙe ana ɗaukarsu tamkar ihu ne, ita kuwa “Re:” alama ce ta cewa wasiƙar amsa ce ga wata da ta gabata. Wanda ya sa ta a wasiƙar farko, ko da bisa rashin sani ne, mai karɓa zai ɗauka an so a yaudare shi.

Tabon da 'yan damfara suka bari

Ƙin jinin wasiƙar talla da ba a nema ba ya girmi intanet ɗin da aka sani a yau. A watan Mayu na 1978 wani ma'aikacin kamfanin Digital Equipment a Amurka, mai suna Gary Thuerk, ya aika tallar sababbin na'urorin kwamfuta ga mutane kusan 400 a lokaci guda, nan take kuwa ƙorafi ya biyo baya. Daga bisani abin ya yi yawa har Amurka ta yi doka a 2003 wadda, a cikin abubuwan da ta haramta, akwai kanun wasiƙar talla mai ɓatar da mai karatu. A Nijeriya ma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba kowa ikon ya ƙi a yi amfani da bayanansa wajen aiko masa da talla. Daga watan Fabrairu na 2024 kamfanin Google ya ƙara tsaurara sharuɗɗa ga masu aika wasiƙu 5,000 ko fiye a rana zuwa akwatunan Gmail, ciki har da cewa ƙorafi kada ya kai uku a cikin kowace dubu.

Ɗan Nijeriya yana da wani nauyi na daban a wuyansa. Wasiƙun damfarar da duniya ta sani da 419, lambar sashen dokar laifuffuka da ya shafi karɓar dukiya ta hanyar yaudara, sun sa masu saye a waje, har ma da na gida, suna ɗari-ɗari da duk saƙon da ya zo daga baƙo. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Kalmomi irin su “gaggawa” da “sirri” da “riba mai tsoka” da “dama ta ƙarshe”, da jerin alamun motsin rai, su ne tufafin da 'yan damfara suka saba sawa, kuma na'urorin tace wasiƙu suna iya jefa irin wannan saƙo a kwandon shara tun kafin ido ya gan shi. Manomin kirki da ya ari waɗannan kalmomi domin ya ja hankali, ya sa kansa a sahun da ba nasa ba.

Alkawarin da ke cikin layi ɗaya

Kanun wasiƙa alkawari ne. Idan an rubuta buhu 300, lalle ne a sami buhu 300 a rumbu ranar da mota ta iso. Wanda ya ƙara gishiri domin a buɗe wasiƙarsa zai yiwu a buɗe ta sau ɗaya, amma ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma sunan garin duka ne zai ɓaci a wurin wannan kamfani.

Yana da kyau magatakarda ya buɗe littafi, ya riƙa rubuta kanun da ya yi amfani da shi, da wanda ya aika wa, da ranar, da kuma ko an amsa. Amsa ita ce ma'auni. Bayan kaka ɗaya ko biyu zai gane da kansa irin lafazin da ke karɓuwa. Idan an yi shiru, tuni ɗaya bayan mako guda ya isa, wanda kuma ya ce a daina aiko masa sai a daina.

Ya kamata malaman gona da jami'an ƙungiyoyin gama kai a Makarfi da Kudan da Ikara su sa wannan darasi cikin abin da suke koya wa shugabannin manoma, kamar yadda suke koyar da zaɓen iri da sa taki. Makarantun da ke koyar da rubutun wasiƙar neman aiki su ma lokaci ya yi da za su ƙara da wasiƙar neman ciniki, su fara daga layinta na farko.