Maganaɗisu: Muciyar Da Ba A Gani

Jama'a, ko kun taɓa lura da sabon kwanon rufi? Za ku ga zane-zane kamar furanni a jikinsa. Ba mai fenti ne ya zana su ba. Ƙwayoyin tutiya ne da suka fito sa'ad da ruwan tutiyar ya daskare.

Kusan kowane ƙarfe haka cikinsa yake. Ƙwayoyi ne manne da juna. Idan ƙwayoyin ƙanana ne, ƙarfen yakan yi ƙwari. Idan manya ne dogaye, yakan yi saurin tsagewa. Ka ga wannan ya shafi rodin gininka da bakin garmarka.

Yaya ƙwayoyin ke fitowa? A masana'anta akan narka ƙarfe a gauraya shi da wasu ma'adinai, sannan a zuba a mazubi. Gefe ne ke fara hucewa. Daga nan ƙwayoyi ke tsirowa, suna miƙa rassa zuwa tsakiya kamar itace. In an bar ruwan ƙarfen tsaye, sai su yi tsawo, datti kuma ya taru a tsakiya.

Matan gida sun san maganin irin wannan. Tuwon da ba a tuƙa ba, gudaji yake yi. To, amma ruwan ƙarfe zafinsa yakan kai digiri 1,500. Wace muciya ce za ta jure?

A nan ne maganaɗisu ya shigo. A shekarar 1831 wani masani ɗan Ingila, Michael Faraday, ya gano cewa idan maganaɗisu na motsi kusa da ƙarfe, lantarki na gudana a cikin ƙarfen. Yau akan kewaye mazubi da nannaɗaɗɗiyar wayar jan ƙarfe, a sakar mata wuta. Sai ta zama maganaɗisu mai jujjuyawa. Shi kuma ya riƙa tura ruwan ƙarfen yana zagayawa, ba tare da wani abu ya taɓa shi ba.

Wannan juyi yana tsinke rassan nan. Kowane guntu sai ya zama irin sabuwar ƙwaya. Maimakon 'yan ƙwayoyi dogaye, sai a sami ƙanana masu ɗimbin yawa, zafi kuma ya bazu daidai.

A lura fa. Ba jan ruwan ƙarfen maganaɗisu yake yi ba, domin ƙarfe na daina manne masa da zarar zafi ya wuce digiri 770. Saboda haka mai zubin tukunyar alminiyam kada ya wahalar da kansa da maganaɗisun tsohuwar rediyo. Ba zai yi masa aiki ba. Abin da zai taimake shi shi ne ya kwashe datti, kada kuma ya bar narkakken ya yi zafi fiye da kima, don zubin da ya huce da wuri ƙwayoyinsa sun fi ƙanƙanta.