2.4 Hanyoyin Auna Haske a Na'urar Mayar da Fim Zuwa Lambobi

Wannan sashe zai duba yadda na'urar da ke mayar da fim ɗin hoton asibiti zuwa lambobin kwamfuta take auna hasken da ya ratsa fim. Hanyoyi biyu ne suka fi shahara.

Ta farko ita ce CCD, wadda Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro a ɗakin binciken Bell na Amurka a 1969. Fitila kan haska layi guda na fim, sannan dubban ƙwayoyin silikon da ke jere su mayar da hasken zuwa lantarki lokaci ɗaya. Wannan hanya ta fi arha.

Ta biyu ita ce lesa, wadda ke bin fim ɗigo-ɗigo. Bututun PMT kan karɓi ɗan hasken da ya wuce, ya mayar da shi lantarki, ya riɓanya shi kamar sau miliyan.

Bambancinsu yana fitowa ne a wurare masu duhu. Inda ma'aunin duhun fim ya kai 3, kashi ɗaya cikin 1,000 na haske ne kaɗai ke ratsawa, sai hasken da ya watsu daga gefe ya rikita CCD. Tun da huhu baƙi yake fitowa a hoton ƙirji, ƙaramin tabo na iya ɓace wa likita. Saboda haka lesa ta fi dacewa da irin wannan fim.