WACA: AN RUFE FAGEN KOKOWA, SAURA AIKIN IYAYE

A ƙasar Waca, cikin gundumar Magarya, lokacin kokowa yana zuwa ne bayan kaka. In an yanke gero, an ɗaure dammuna, an zuba a rumbu, sai ganga ta fito dandali. Samarin wannan gari su je wancan, har zuwa garuruwan Dungas. Haka za a yi ta yi duk tsawon ɗari. Da zafi ya kama, sai makaɗa su rataye ganguna. Wasu samari su koma lambunan kwarin Korama, wasu su tafi cin rani Daura ko Kano. Yara ƙanana su ne ke saura a gida, hannun iyayensu.

To, a nan ne aikin iyaye yake farawa. Ƴan kallo sun watse, maroƙi ya karɓi nasa ya tafi. Wanda ya rage ma yaro shi ne ubansa da uwarsa.

Kokowa ba wasan banza ba ce a Nijar. A shekara ta 1975, zamanin shugaba Seyni Kunce, aka fara kokowar ƙasa a Tawa, inda Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ya zama zakara na farko. Yanzu jihohi 8 ne ke karawa, kowace da ƴan kokowa 10, domin neman takobi. Isaka Isaka na Doso ya ɗauke shi karo na 6 a Agadas, cikin watan Disamba na 2023. Filin kokowa na birnin Damagaram kuwa, sunan Langa-Langa yake ɗauke da shi. Waɗannan mazaje duka, babu wanda aka haifa da takobi a hannu. Kowa ya sha kaye yana yaro, ya karkaɗe ƙasa, ya koma gida.

Saboda haka, yaron da aka kada bana ya fi kowa bukatar magana mai daɗi. Uban da ya tari ɗansa da gori a ƙofar gida ya yi masa kaye na biyu, kuma wannan ya fi na dandali ciwo. Abin da ya dace, a zaunar da shi, a tambaye shi ta ina aka kama shi, da ƙafa ko da ƙugu. Wanda ya gane inda ya faɗi ya fara koyon kokowa ke nan.

Yaron da ya yi kaye shi ma yana da nasa haɗari. Kirari yana kumbura kai, kuɗin da ƴan kallo suka ba shi kuma ba su daɗewa a aljihu. Iyaye na gari sukan sayi akuya ko tunkiya da su, a ce ma yaron tasa ce. In baɗi ta zo, ya ga abin da guminsa ya haifa.

Sai maganar lafiya. Targaɗen da aka ɓoye don kunya yakan zama ciwon shekaru. In gaɓa ta kumbura, ko yaro ya bugu a kai yana jiri, a kai shi gidan likita, kada a jira. Ƙarfi kuwa daga tukunya yake fitowa: tuwo, wake, fura da nono. Ba a sayen shi wurin mai tallan ƙwayoyi. Ƙwayar tiramol tana ɓoye gajiya na ɗan lokaci, amma tana kama mutum ya kasa bari, tana kuma iya kawo farfaɗiya. Uba ya san abin da ɗansa yake haɗiya.

Daga ƙarshe, kada ganga ta raba yaro da lakwal ko makarantar allo. Cikin ƴan kokowa 80, mutum guda ke ɗaukar takobi, ƙarfi kuma yana da ranar ƙarewa. Ɗan kokowar da ya iya karatu shi ke karanta takardarsa, ya ƙirga kuɗinsa da kansa, ba mai cutar shi.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Iyayen Waca sun yi ƙoƙari: sun bar yara sun fita fage, sun yi haƙuri da yagaggun riguna da dawowar dare. A ci gaba da haƙurin nan har damina ta wuce. Allah ya ba da damina mai albarka, ya maimaita baɗi.